Ashafa Mai Ɗakin Gilashi

A Dorayi, idan aka idar da sallar la'asar ranar Lahadi, akwai wani benci a gindin darbejiya da Alhaji Ashafa yake zama. Duk saurayin da ya tsaya gaishe shi, kafin ya miƙe sai ya ji maganar nan: "Ni da kake gani, wahala ce ta yi ni mutum." Maganar tana fita sumul, ba tuntuɓe ko ɗaya, alhali mutumin nan mai i'ina ne tun yarinta, har yau bai iya tambayar kuɗin mota ba tare da ya haɗa gumi ba. Ya maimaita ta ne har ta yi santsi a bakinsa. Wahala kam ya sha ta, wannan ba mai musu. Irin mutumin da ta yi, shi ne abin da ba ya faɗa a kan bencin.

An haife shi a wani ƙauye a ƙasar Gumel. Dagacinsu yana da wani tsohon babur da sai an yi ta dukansa da ƙafa yana tari kafin ya kama, daga nan yara suka samo wa Ashafa suna, Ƙi-tashi. Idan aka aike shi kasuwa, mai kaya ne yake ƙarasa masa magana, sau da yawa kuma ya ƙarasa ba daidai ba, Ashafa ya karɓi abin da ba shi aka aike shi ba don kawai ya bar wurin, ya je gida ya sha duka. Ubansa yana ganin taurin kai ne. Uwarsa ta ba shi rubutu ya sha, ta sa masa tsakuwa a ƙarƙashin harshe, ba abin da ya sauya. Da ya zama saurayi ya taɓa tsayar da wata yarinya a dandali. Ta tsaya tana jiransa ya fitar da sunanta, da ya ƙi fita sai ta kira ƙawayenta su zo su taya ta jira.

Shekarar babban farin nan, da gero ya ƙone a tsaye, dabbobi suka yi ta faɗuwa, ya bi ayarin masu neman abinci zuwa Kano. Aikin da ya fara samu ɗaukar fata ne a wata majema a Bompai. Ruwan jima ya cinye masa tafin ƙafa, warin ya kama jikinsa har ba mai yarda ya jera da shi a sahu. Shugaban leburorin wurin kuwa ya mai da shi abin nishaɗi. In ya yi baƙi sai ya kira shi ya ce, "Ƙi-tashi, faɗa musu sunan garinku." Su yi ta dariya har da riƙe ciki, shi ma ya yi murmushi, domin yana son aikinsa.

Daga nan Allah ya kai shi wata masaƙa a Sharada.

Wanda bai taɓa shiga zauren saƙa ba, ba zai gane abin da wurin ya zama wa Ashafa ba. Injuna jere har ƙarshen gani, kowanne yana bugun ƙoshiya kamar ana sara ƙarfe da ƙarfe, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa, ƙurar auduga tana yawo kamar hayaƙi. Ko ka sa baki a kunnen mutum ka yi ihu ba zai ji ba. A wurin nan mai zaƙin baki da mai i'ina duk ɗaya ne. Da hannu ake magana.

Wanda aka haɗa shi da shi ya koya masa aiki sunansa Gwadabe, ɗan wani ƙauye a bakin kogin Challawa, dogo, mai yawan tsokana, wanda ya girme shi nesa. Ranar farko da aka fita cin abinci, Ashafa ya buɗe baki zai yi godiya, maganar ta maƙale. Ya sunkuyar da kai yana jiran dariyar da ya saba.

"Ajiye bakin nan, ƙanena," in ji Gwadabe. "A nan da shi muke cin shinkafa kawai. Kawo hannunka."

Ya koya masa yaren zauren. Ka dunƙule hannu biyu ka raba su, zare ya tsinke. Ka ɗaga tafuka zuwa kunne, lokacin salla. Ka ja yatsa daga karan hanci zuwa gaba, manaja na tafe, domin manajan baƙo ne daga ƙasar waje, mai dogon hanci. Akwai guda ɗaya da Gwadabe ya sa shi ya yi ta maimaitawa har ya gaji: ka sari wuyan hannun hagu da gefen tafin dama. Ma'anarsa, kada a tayar da inji, akwai mutum a ciki.

"Sauran duk in ka manta, asarar yadi ce," in ji shi. "Wannan in ka manta, sai a wanke gawa."

Kafin shekara ta zagayo Ashafa ya fi malaminsa. Mutumin da bai taɓa kai ƙarshen labari da baki ba, sai ga shi yana ba da labari daga wannan bango zuwa wancan, yana kwaikwayon tafiyar manaja da yatsu biyu, yana tsokanar masu gyangyaɗi, mutane suna dariyar da ba a jin sautinta, sai dai a ga haƙora. Karo na farko a rayuwarsa ana dariyar abin da ya faɗa, ba yadda ya faɗe shi ba. Idonsa kuma ya yi kaifi. Ko daga nesa, ko mutum ya ɗan juya baya, yana karanta abin da hannunsa yake cewa. Da ya tashi aure, Gwadabe ne ya je ya yi masa magana a gidan su Zuwaira, shi ne kuma ya zauna wakilinsa ranar ɗaurin aure, ya amsa duk abin da ake amsawa, Ashafa yana gefe bakinsa a rufe, cikin farar riga, ba wanda ya ji i'inarsa.

Wani zai ce wanda aka yi wa haka ya warke. Ashafa bai warke ba. Kullum jiniyar tashi ta yi kuka, aka fita bakin get, kunnuwa suka buɗe, sai ya koma Ƙi-tashi. Ba ma sai an kira shi da sunan ba, shi yake jin sa a jikinsa. Abin da ya lura da shi tun yana majema shi ne, ba a yi wa na sama dariya. A zauren saƙa kuwa, na sama yana sama ne a zahiri. Akwai wani ɗan ɗaki na gilashi da aka ɗaga a kan ƙarafa, ana hawa da tsani, inda sufabaiza yake zama yana kallon kowa. Akwai fanka a ciki, da kujera mai juyawa, a gefen kujerar kuma akwai babban makunni mai jan hannu, wanda in aka ja shi ƙasa wutar zauren gaba ɗaya take ɗaukewa. Ashafa yana saƙa, idonsa yana kan ɗakin nan. Ya ƙudurta a ransa in ya hau ba zai sauko ba, ko me za a yi.

Da aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu, kaya suka yi wuya, masana'antu suka fara rage mutane. A masaƙar aka daina raba ƙyallen rufe hanci, aka kuma rage lokacin da ake bayarwa na zuwa Juma'a, har mutum in ya je sai ya dawo a guje ko a yanke masa yini. Tsofaffin ma'aikata suna tari suna tofar da auduga. Aka kai kuka ofis, ba amsa. Sai Gwadabe da wani abokinsa Idi suka shirya abu: ranar Juma'a da hantsi, idan Gwadabe ya cire hularsa ya ɗaga, kowa ya kashe injinsa ya tsaya a wurin, ba zagi, ba fasa komai, har manaja ya sauko ya saurare su. An yi shirin nan kaf a gaban idon sufabaiza na lokacin, wani mai takardar makaranta da yake ganin leburori suna ta wasa da hannu kamar kullum. Ashafa ma da hannunsa aka isar da saƙon zuwa layin ƙarshe, domin shi ya fi kowa iyawa.

Ranar Laraba da aka tashi, ya ce da Gwadabe zai tsaya ya karɓi magani a wurin nas. Ya zagaya ta baya ya ƙwanƙwasa ofishin manaja.

Ya daɗe yana maganar. Kalmar Juma'a kaɗai sai da ta kusa shaƙe shi. Amma manajan bai yi dariya ba, bai ƙarasa masa ba, bai duba agogo ba. Ya nuna masa kujera, ya sa aka kawo masa shayi, ya haɗa yatsu ya jira har Ashafa ya fitar da sunaye ɗaya bayan ɗaya. Babban mutum bai taɓa jiran Ashafa ya gama magana ba. Ya fito daga ofishin yana jin kansa kamar wanda aka yi wa wanka. Kofin shayi da ɗan haƙurin saurare, iyakar abin da aka saye shi da shi ke nan a ranar, sauran daga baya ya biyo.

Ranar Juma'a da safe masu gadi suka tsaya a get suna ware mutane. Idi da waɗanda aka ambata tare da shi ba su sake taka zauren ba. Gwadabe an bar shi, domin Ashafa ya roƙa masa, kuma har yau yana lissafa wannan cikin alheran da ya yi a duniya. Sai dai an ɗauke shi daga kan inji aka ba shi gwangwanin baƙin mai da tsumma, ya koma rarrafe a bayan injuna yana shafa mai, yana mai da bel in ya zame, aikin da ake ba sabon zuwa. Kafin wata ya ƙare aka sallami sufabaizan da bai iya karanta hannu ba, Ashafa ya ɗinka safari mai ruwan toka, ya hau tsani.

Ba wanda ya zage shi. Mairama mai abinci a bakin get ce kaɗai ta tanka, ranar da ya zo da sabuwar safarinsa ya miƙa kwano.

"A'a, Sufa da kansa. Ai na ɗauka yanzu daga ofis ake aiko muku da shayi."

"Shi-shi-shin…"

"Shinkafa, na ji. Da wake ko ba wake? Kada ka wahalar da bakinka, ka adana shi, na ji yana da amfani a wani wurin."

Mazan da ke zaune a benci ba su yi dariya ba. Kowa ya ajiye cokali ya zura hannu a aljihu har ya wuce. Daga ranar haka abin ya zama. A get, in ya doso, hannuwa su shige aljihu. A zaure, wanda zai yi magana da ɗan'uwansa sai ya tsuguna a bayan inji. Kuma aka daina ɗaga kai. Ashafa yana iya tsayawa a bayan gilashinsa ya yi ta alama, a kawo zare layi na kaza, a share can, ba mai kallonsa, sai ya sauko da ƙafarsa ya taɓa kafaɗar mutum. Sababbin ma'aikata ma, abin da ake fara koya musu ke nan: in idonka ya kai ɗakin gilashi, kawar da shi. Ya ce a ransa hassada ce. Ya sayi babur, ya sayi fili a Dorayi ya fara gini, kamfani ya ba shi kujerar Makka. Matarsa Zuwaira ta taɓa tambayarsa me ya sa Gwadabe bai zo sunan ɗansu ba, ya ce mata aiki ne ya yi yawa.

Ranar da abin ya faru, manaja yana da baƙi, manyan 'yan kasuwa daga Kantin Kwari da wasu mutanen banki da ake so su ga masaƙar tana da rai. Tun da safe ya hau ɗakin gilashi da kansa, abin da bai saba ba, ya dafa kafaɗar Ashafa ya ce yau ba ya son ganin ko inji ɗaya a tsaye, zaure ya yi ta ruri har baƙi su tafi. Ashafa ya gyaɗa kai.

Wajen azahar baƙin suka shigo ta ƙofar gabas cikin manyan riguna, suna toshe kunne da yatsu. A daidai lokacin bel ɗin wani inji a layin tsakiya ya zame. Mai injin, Shu'aibu, ya kashe shi ya tafi shan ruwa kafin mai gyara ya zo. Gwadabe ya zo ta baya da gwangwaninsa, ya kwanta, ya zura hannun dama har kafaɗa cikin ƙarafan yana lalubar bel. Daga gaba ba a ganinsa. Shu'aibu ya dawo, ya hango manaja da baƙi sun doso layinsa, ga injinsa a tsaye shi kaɗai. Ya ɗauka an gyara an tafi.

Mutum ɗaya ne a duk zauren yake ganin gaba da baya a lokaci guda.

Ashafa ya miƙe. Ya sari wuyan hannun hagu da tafin dama, ya sake sara, ya sake. Alamar ta fita tsaf, yadda aka koya masa. Ya bugi gilashi, ƙarar injuna ta haɗiye bugun. Shu'aibu ya ɗago, idonsa ya sauka a kan ɗakin, ya ga hannuwan Ashafa ne suke motsi, ya kawar da kai tun kafin ya karanta, kamar yadda ya saba yi kullum.

Akwai lokaci. Wannan shi ne abin da yake hana waɗanda suka sani barci. Shu'aibu bai tayar nan take ba. Sai da ya goge hannu a wando, ya gyara wani zare da ya saki, ya duba ƙoshiya. Jan makunnin nan yana daidai gwiwar hannun Ashafa. Ya ɗora hannu a kai, wani mai share ƙasa da yake ƙarƙashin tsani ya gan shi. Sai Ashafa ya dubi wajen ƙofar gabas, ya ga manaja yana nuna wa baƙi yadi yana murmushi. A ransa ya ga zauren ya yi tsit a gaban mutanen banki, ya ga manaja ya ɗago yana tambayarsa dalili, ya ga kansa a gaban manyan riguna yana ƙoƙarin fitar da kalma tana ƙin fita. Ya ɗauke hannunsa daga makunnin ya ci gaba da sara wuyan hannu, da ƙarfi, yadda kowa zai shaida ya yi.

Ba wanda ya ji ihun Gwadabe. Abin da aka gani shi ne injin ya yi wata girgiza, sannan farin yadin da ke fitowa ya fara sauya launi daga gefe. Na kusa ya kashe nasa injin, na gaba da shi ya kashe, haka har bango, zauren ya mutu da hannun ma'aikata, ba da jan makunni ba. Cikin shirun ne aka ji muryar Shu'aibu yana ta salati, aka kuma ji takun Ashafa yana saukowa daga tsani a hankali, yana riƙe da ƙarfe kada safarinsa ta taɓa mai.

A asibiti aka yanke hannun daga saman gwiwar hannu.

Da aka zauna bincike a ofis, Ashafa ya yi bayani, aka jira shi har ya gama. Ya yi alama, an ƙi dubawa. Ɗaya daga cikin baƙin ma ya ce lallai ya hangi mutumin sama yana ta fama da hannu. Aka kori Shu'aibu saboda sakaci. Aka yaba wa sufabaiza bisa sa ido. Mai share ƙasa ba a kira shi ba, kuma cikin masu takardun digiri da suke zaune a teburin, waɗanda tambayar jan makunni ta zo musu a rai, ba wanda ya buɗe baki. Su ba su da i'ina.

Bayan an sallamo Gwadabe, Ashafa ya hau babur ya je ƙauyensu da sukari da madarar gwangwani da turmin atamfa. Matar gidan, Asabe, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure ta koma ciki. Gwadabe yana jingine da bango, ya rame, an yafa masa zane a kafaɗar dama. Ashafa ya durƙusa, ya ɗaga hannuwa ya fara alamar sannu, ya ɗora da cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya gani. Hannuwan suna tafiya da kyau, kamar da.

"Da baki za ka yi mini, Sufa," in ji Gwadabe. "Wancan yaren na masu hannu biyu ne."

Ashafa ya sauke hannuwansa a cinya.

"Ya-ya-yaya…"

"Ina jinka. Ba inda za ni."

"Na-na yi a-a-alama."

"An gaya mini. An ce ta fita da kyau. Ai ni na koya maka." Gwadabe ya ɗan gyara zama yana cije leɓe. "Abu ɗaya nake so in sani, tunda ban taɓa hawa ɗakin nan naka ba. Jan abin nan da ake kashe wuta da shi, yana nan a gefen kujera, ko an matsar da shi?"

Ashafa ya buɗe baki. Gumi ya tsatso masa a goshi. Leɓɓansa suka haɗu suka rabu, suka sake haɗuwa.

"Ma-ma-ma-mana…"

"Manaja," in ji Gwadabe. Tun da suka san juna bai taɓa ƙarasa masa magana ba sai ranar. "To. Ka gaida gida. Asabe, ɗauko masa kayansa, kada ya manta."

Ya ɗaure sukarin da madarar da atamfar a bayan babur ya koma da su. Washegari ya riga kowa zuwa aiki.

Yana nan a ɗakin gilashi har yanzu. An rage mutane sau da dama tun daga lokacin, ba a taɓa shi ba, kuma ba za a taɓa shi ba muddin masaƙar tana numfashi. Ginin Dorayi ya kammala, har da shago a gaba. Gwadabe yana zama a bakin hanyar Kumbotso da tiren goro, yana ba da canji da hannun hagu. In Alhaji Ashafa yana kan bencinsa yana gaya wa samari yadda ya taso daga ɗaukar fata, hannuwansa ba sa motsi, yana riƙe da carbi da duka biyun. Samarin suna cewa, "Allah ya ƙara girma, Alhaji," su wuce. Waɗanda iyayensu suka yi aiki a Sharada kuwa, tun daga nesa suke zura hannu a aljihu.